Sunana a Kamfanin Mudassir

"Ni dai na hwaɗa, kuma zan ƙara hwaɗa: yaron nan ba shi da sana'a!"

Gwaggo Halima ce, ƙanwar Baba, zaune kan tabarma a tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi. Ta ture kunun da na kawo mata gefe kamar shi ya yi mata laifi.

"An aika Malam Dabo unguwarsu bincike," ta ci gaba. "Liman ya ce yana salla. Maƙwabta sun ce yana gaisuwa. To mi yake yi? Wani ya ce gyaran waya, wani ya ce dillancin hatsi, wata tsohuwa ta ce ita dai kullum tana ganin shi da jaka a baya kamar ɗan makaranta. Haka ake ba da ɗiya, Yaya?"

Baba yana kan kujerarsa yana goge gilashi da gefen riga, Gwaggo kuwa ba ta tsaya ba.

"Ga Habibu ɗan gidan Alhaji Sammani. Mun san uban, mun san kakan. Shi ma irin aikin wayar yake yi, amma shi ana ganin motocin gas ɗinsa suna yawo cikin gari. Wancan kuwa ubansa bara waccan ya baro ƙauye."

Ni ina bakin madafi, kaina a ƙasa. Shekara biyu ke nan ina son Mudassir, wata shida kuma ana wannan maganar a gidanmu kusan kowace Asabar.

"Lailatu," Baba ya kira ni.

Na matso na durƙusa.

"Aikinki a ofis, ba tantance irin yaran nan ba ne? Masu kamfanin waya?"

"Shi ne, Baba."

"To, Malam Dabo ya yi iyakarsa. Ya san yadda ake binciken ɗan tireda da ma'aikacin gwamnati, wannan kuwa ya fi ƙarfinsa. Ke na ba binciken. Ki duba su duka biyun, yadda kike duba na baƙi. Laraba ki kawo mani abin da kika samo. Abin da kika ce, shi za a yi."

"Yaya!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ita za ta binciki saurayinta? Ai wanke shi za ta yi tas!"

"Ɗiyata ba ta taɓa yi mani ƙarya ba," Baba ya ce, ya mayar da gilashinsa.

Na koma ɗaki cike da murna. A zatona an gama, aure ya ɗauru.

Ina aiki a wata cibiya kusa da Ƙofar Kaura da ke horar da matasa masu sababbin kamfanonin fasaha. Kafin a ɗauki kowa, ni ake miƙa wa sunansa. Ba na hira da su, domin ni ko a taron ofis sai an ce in ɗaga murya. Zama nake a kusurwata in karanta abin da mutum ya baje wa duniya game da kansa.

Aikin ya koya mini wasu abubuwa. Idan mutum ya ce yana da ma'aikata ashirin, sai in nemi ko mutum uku da suka rubuta a shafukansu cewa a wurinsa suke aiki. Idan ya sa hoton sito cike da buhuna, sai in duba ko hoton ya taɓa fitowa a wani wuri. Ina kuma neman ƙorafi. Kamfanin da ke aiki da gaske ba ya rasa wanda ya ɓata wa rai. Wanda kowa ke yabo, da jimloli iri ɗaya, a rana ɗaya, shi nake tsoro.

Litinin da safe na fara da Habibu. Gaskiya da mugun nufi na fara, laifi nake nema.

Ban samu ba. Rajistarsa tana nan, shekara huɗu. Direbobinsa suna sa hotunansu da rigar kamfanin. Akwai wata mata da ta zage shi tas saboda an kai mata tukunyar gas tana yoyo, shi kuma ya amsa a ƙasa da kansa, ya ba ta haƙuri da Turancinsa mai tuntuɓe. Na rufe shafin da haushi.

Sai na rubuta sunan kamfanin Mudassir: Ƙwarya Tek.

Ban taɓa buɗe shafin ba. Duk lokacin da na tambaya, cewa yake ana kan gyara shi, ni kuma ina ganin leƙen asirin wanda kake so rashin yarda ne. Manhajar dai na san ta, a wayarsa ya sha nuna mini yadda manomi a Bakori zai ga farashin masara a kasuwanni uku kafin dillali ya zo masa.

Komai ya fara da kyau. Rajista tana nan. Hotunan nasa ne, har na gane takalminsa a ɗaya. Ga ƙorafin wani manomi cewa manhajar tana cinye masa data. Na yi murmushi ni kaɗai.

Sai na danna inda aka rubuta sunayen shugabannin kamfani.

Hoto biyu ne. Na farko nasa.

Na biyun nawa.

Na ɗauke hannuna daga kwamfutar kamar ta ƙona ni. Hoton ranar kammala jami'a ne, ina sanye da hijabi ruwan toka, na ɗan kauda fuska. Mutum ɗaya na taɓa tura wa shi a duniya, shi ma sai da ya yi sati yana roƙo. A ƙasa an rubuta da Turanci: Laila Lawal Durbi, abokiyar kafa kamfani kuma shugabar sashen fasaha.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai ƙaramar alama a gefen sunan. Na danna, ta ƙi buɗewa a asusun ofishinmu. Na fita daga asusun na sake gwadawa a matsayin baƙuwa, sai ga shi ya buɗe.

Shafin LinkedIn ne, dandalin da ma'aikata ke baje tarihin aikinsu, da sunana, da fuskata. Ni da ko a WhatsApp hoton fure ne a kaina. Wata goma sha ɗaya ke nan ina magana a duniya ban sani ba. Ina ba 'yan mata shawara. Ina gode wa Turawan da ban taɓa jin sunansu ba. Ina cewa na kwana ina rubuta manhaja, ni da ƙididdiga na karanta.

A can sama an maƙale wani dogon rubutu, wanda ya fi kowanne samun masu karantawa. Na karanta layin farko, na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Na daɗe a tsaye ina kallon famfo. Da na dawo na karanta shi har ƙarshe, sau uku, na buga shi a takarda na naɗe cikin jakata.

Litinin da Talata ban ɗauki wayar Mudassir ba.

Laraba bayan la'asar ya zo. Na same shi a zaure, cikin farar shadda, da ledar tsire a gefensa. Baba da Gwaggo suna ciki suna jirana.

"Ranki ya daɗe, shugabar masu bincike," ya ce yana dariya. "Kwana biyu an rufe mini layi. Ko dokar aikin ce, ba a magana da wanda ake tuhuma?"

Ban zauna a inda na saba ba. Na tsaya jikin bango na miƙa masa takardar.

Ya buɗe. Na ga dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

"Laila..."

"Lailatu sunana."

"Ki zauna, don Allah. Zan yi miki bayani."

"Wace ce wannan, Mudassir?"

"Ke ce mana. Wato... ke ce za ki zama." Ya shafa kansa. "Ki saurare ni. Sau bakwai ina neman tallafi, sau bakwai ana mayar da ni. Manhajar tana aiki, kin gani da idonki. Amma duk fom ɗin da na buɗe, akwai layin da ke tambaya ko akwai mace a cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Wani abokina ya ce kowa haka yake yi, wasu ƙannensu suke sawa, wasu matansu. Na ce to ni wa nake da ita? Ke ce matata, Lailatu, saura ɗaurin aure kawai."

"Shi ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Na dube shi. Wallahi yadda ya faɗi maganar, kamar ya kawo hujjar da ta wanke shi.

"Me ya sa shafin ba ya buɗewa a ofishinmu?"

Ya kauda kai.

"Mudassir."

"Na toshe su," ya ce a hankali. "Asusun ofishin, da duk abokan aikinki. Don kada wani ya gani ya tayar miki da hankali kafin lokaci."

"Ɗaya bayan ɗaya ka bi su?"

"Su tara ne kawai."

Na zauna a dakalin, hawaye suka fara zuba, ban ko share ba. Ina tuna yadda yake tambayata sunayen mutanen ofis, wane ne wannan, wace ce waccan, ni kuma ina jin daɗi wai yana son sanin rayuwata.

"Hoton ma na haƙura," na ce. "Sunan ma na haƙura. Amma Baba? Me Baba ya yi maka?"

"Labari ne kawai, Lailatu. Mutanen nan sai da labari suke buɗe hannu. Idan ka ce musu ga yarinya ta yi karatu lafiya, ubanta ya tsaya mata, ba wanda zai karanta. Kuma ai ba daga sama na ƙirƙiro ba. Ke kika gaya mini ya hana ki tafiya Zariya karatu."

"Sati ɗaya!" Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na yi sauri na rage ta. "Na ce maka ya yi sati ɗaya bai sa hannu a takardar ba. A nan na gaya maka, a kan dakalin nan, ban taɓa gaya wa kowa ba. Shi ne ka rubuta ya kulle ni a ɗaki? Ya ƙona littattafaina? Mutumin da ya ɗauki akwatina a kansa daga bakin ƙofar jami'a har ɗakin kwananmu?"

"Ban ambaci sunansa ba."

"Lawal nawa ne a Ƙofar Durbi da ke da 'ya Lailatu da ta yi Zariya?"

Ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabana. Idanunsa sun yi ja, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Na yi kuskure. Wallahi na yi kuskure. Amma ki ji, mun kai matakin ƙarshe. Gobe Alhamis za su kira ta bidiyo, suna son ganin mu biyu. Minti ashirin. Da ma yau na yi niyyar gaya miki komai. Zan rubuta miki abin da za ki ce. Ana gamawa zan goge rubutun, in goge shafin, ko kuma in ba ki shi ya zama naki na gaskiya. Manoma dubu biyu ke amfani da abin nan, Lailatu. Idan ya mutu, dillalai za su koma cinye su kamar da."

"In zauna gaban baƙi in ce ubana ya ƙona littattafaina."

"Ba lallai su tambaya ba."

"Idan sun tambaya fa?"

Ya kama gefen dakalin da hannu biyu.

"Kin san idan kika shiga da takardar nan an gama da ni. Gwaggonki za ta aika gidan Alhaji Sammani kafin magariba. Shekara biyu, Lailatu. Kin manta ranar da na tako daga tasha cikin ruwan sama don kawai kin ce kina zazzaɓi? Baba tambayarki ya yi ko kamfanin na gaskiya ne. Na gaskiya ne. Ki ce masa haka, ba ki yi ƙarya ba. Sauran tsakanina da ke ne, mu gyara a ɗakinmu."

Na miƙe. Na karɓi takardar daga hannunsa, bai hana ni ba.

"Zan jira a nan," ya ce. "Na san ki. Na san ba za ki kashe mu ba."

Na ja ƙofar zauren na rufe. Daga zaure zuwa tsakar gida taku goma sha biyu ne. Har na kai na goma ban san abin da zan faɗa ba.

Baba yana kan kujerarsa. Gwaggo ta gyara zama tana ganina.

"To, alƙaliya, mi aka yanke?"

Na durƙusa. "Baba, kamfanin Habibu na gaskiya ne. Ban sami komai a kansa ba."

"Alhamdulillahi!" in ji Gwaggo.

"Na Mudassir ma na gaskiya ne. Yana da rajista, manoma suna amfani da shi."

Gwaggo ta taɓe baki. Baba ya gyaɗa kai, har ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya. Ya dubi idanuna, ya dubi hannuna.

"Takardar mi ce wannan?"

Da na ce ta ofis ce, da ya yarda. Na san da ya yarda.

Na gaya masa. Hoton, sunan, shafin, mutum tara da aka toshe, kiran gobe. Gwaggo tana ta salati tana tafa hannu. Baba bai motsa ba.

"Karanta mani," ya ce. "Da Hausa."

"Baba, don Allah..."

"Karanta."

Na buɗe takardar. "Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, mahaifina ya kulle ni a ɗaki kwana bakwai. Ya tara littattafaina a tsakar gida ya cinna musu wuta, ya ce ɗiya mace ba ta da wurin da ya wuce madafi. A cikin hayaƙin nan na yi wa kaina alkawari..."

Kuka ya ci ƙarfina. Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Ɗan banza! Maƙaryaci! Yaya, ka bar ni in fita in same shi!"

"Zauna, Halima." Ya juyo gare ni. "Mutum nawa suka karanta?"

"Dubu goma sha ɗaya."

Ya cire gilashinsa ya riƙe.

"Kwana bakwai," ya ce. "Wutar ƙarya ce, kullewar ƙarya ce. Amma kwana bakwai ɗin, a ina ya samo?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ni na gaya masa, Baba. Na ce ka yi sati ba ka sa hannu ba. Iyakar abin da na ce ke nan, wallahi."

"Kin riƙe shi a ranki duk shekarun nan."

"Ban san dalili ba ne. Na kasa tambaya."

Ya ajiye gilashin a cinyarsa.

"Uwarki ba ta yi arba'in da rasuwa ba lokacin. Kullum da asuba in na ji motsinki a madahi, sai in ɗauka ita ce. Na san in kika tahi gidan zai yi shiru. Kwana bakwai ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Son kaina ne, ɗiyata, ba ƙin karatunki ba. Ya kamata in hwaɗa maki tun tuni."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ya bar ni sai da na lafa, sannan ya ɗago kaina.

"Yanzu saurara. Na ce abin da kika ce shi za a yi, kuma ban janye ba. Abin da ya rubuta a kaina ni ya yi wa, na kuma yahe. Kada ki ƙi shi don ni. In har kina son shi da wannan ɗin, ki ce a ba shi, gobe in aika a kira manyansa."

"Yaya, ka san mi kake cewa kuwa?" Gwaggo ta ce da muryar kuka.

"Na sani."

Wallahi da zagina ya yi, ko ya rantse ba zai ba shi ba, da ya fi mini sauƙi. Da na sami wanda zan yi fushi da shi. Yanzu ba kowa a tsakanina da Mudassir sai ni.

Ina son shi. A lokacin ma da nake durƙushe ina son shi. Na tuna shi cikin ruwan saman nan, rigarsa ta manne a jiki, yana miƙo mini ledar magani. Sai kuma na gan shi zaune da waya a hannu, yana bin sunayen abokan aikina yana toshewa, ya gama ya kira ni ya tambaye ni ko na ci abinci.

"Baba," na ce, "kada a ba shi."

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. "To sai a aika gidan Alhaji Sam..."

"Halima, ba yau ba. Ba kuma wannan watan ba."

Na share fuskata da gefen hijabi na miƙe.

"Ina za ki?" Baba ya tambaya.

"Yana zaure tun ɗazu, yana jira."

"Bari in tahi ni."

"A'a, Baba. Ni ka ba binciken."

Na naɗe takardar na nufi zaure. Yana zaune a inda na bar shi, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Yana jin takuna ya ɗago. Ya ga ni kaɗai ce, ba Baba, ba Gwaggo, ba hayaniya a bayana.

Sai ya miƙe tsaye, yana murmushi.